Tiyon Da Ba Ya Ɗaukar Mai

"...lafiya lau, bawana. Ya zaman banza?"

"Zaman banza ya ƙare tunda ka iso da akwalarka. Tun daga sha-tale-tale na ji warinka."

Uzairu direba ne, ɗan gidan makiyaya, ya faka a garejin taubashinsa Kashim, ɗan gwaggonsa da ta auri Babarbare, ransa a dagule. Shekara biyu yana yi wa Madam Ogochukwu mai gidan burodi jigila daga Azare zuwa Bulkacuwa a motarsa 'yar Kwatano, kuma da wannan jigilar yake ci da gidansa. Sati uku ke nan masu shayi suna dawo da burodin, wai warin fetur yake. Jiya Madam ta yanke magana: lodin gobe ne na ƙarshe, in aka sake dawo da ko guda ɗaya za ta nemi wani direban. Abin haushin, ya leƙa ƙarƙashin motar ya fi sau goma, ko ɗigo bai gani ba.

"Ba wasa ya kawo ni ba, Kashim. Mota tana wari amma ba ta yoyo."

"Ka yi wanka ka gani? Wataƙila ba laifin motar ba ne."

"Ka ga irinta ko. In ba ka iya ba ka faɗa, in tafi garejin Nnanna."

"Je ka mana. Shi ma zai tambaye ka ranar da aka fara ba makiyayi sitiyari." Kashim ya zagaya bayan motar yana shinshinawa. "Ba mai ne ke zuba ba, tururinsa ne. Fetur in ya ji rana numfashi yake. Akwai siririn tiyo da ke kwashe tururin daga tanki zuwa wani gwangwani mai gawayi a ciki. Wani wuri ya buɗe a hanyar."

"To nuna mini."

"Ana ganin iska? Sai an tura hayaƙi, inda ya ɓullo nan ne ciwon."

Kashim ya leƙa cikin gida, ya fito da kaskon turaren wutar matarsa Ya Gana. Uzairu ya ja da baya.

"Garwashi kusa da tanki? Gadona kake so ka ci?"

"Me ka ajiye, bayan hula biyu da rediyo?"

Can gindin dalbejiya, nesa da motar, Kashim ya kifa babbar leda a kan kaskon har ta cika da hayaƙi, ya shaƙe bakinta ya dawo.

"Saura tiyon da zan zura a bakin tanki. Nawa yara sun yi gaba da shi."

"Bakanike ba tiyo. Allah wadaran wannan sana'a." Uzairu ya buɗe but yana taƙama, ya zaro wani baƙin tiyo. "Ungo na ubangidanka."

Kashim ya juya tiyon a hannu, ya dubi Uzairu. Ya zura shi, ya toshe gefen da tsumma, ya matse ledar a hankali. Ba a jima ba farin hayaƙi ya fara tuɗaɗowa ta bayan taya, gareji ya gauraye da ƙamshi kamar ɗakin amarya. Ya kwanta ya leƙa.

"Uzairu, a ina ka sayi tiyon nan?"

"Saya? A jikin motar na same shi. Ranar da mai ya ƙare mini a hanyar Udubo, wani mai babur ya yarda in zuƙi nasa. Na shiga ƙarƙashi na ga wannan, na fizge shi, ko ɗigo bai zubo ba. Na ce Turawa sun sa shi ne don ado."

"Yaushe?"

Uzairu ya ƙirga da yatsu. Sati uku cif.

Kashim ya fito ya zare tiyon daga bakin tanki, ya koma ƙarƙashin motar ya mayar da shi mazauninsa, tiyon ya zauna daram. Dariya ta hana shi fitowa daga ƙarƙashin motar.

"Sati uku kana yawo da maganin a but, kusa da burodin. Wallahi saniya ba za ta yi haka ba."

"Ya isa. Kada Madam ta ji."

"Sai ka faɗi wane ne bawa."

Uzairu ya dubi motar, ya tuna lodin gobe, ya haɗiye abin da ya taso masa.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ban ji ba."

"Na ce ni ne. Kurma kawai." Dariya ta ƙwace masa. Ya ɗauko burodi biyu daga kujerar baya ya miƙa. "Ga tukwici."

Kashim ya kai ɗaya hanci, ya yamutsa fuska.

"Wannan ai in na ci, sai dai a tura ni in tashi."