Guzan Gidan Malam Arzika

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da sanin namun daji ya kai ni ya baro, ni da duk faɗin Jega babu wanda ya kama ƙafata a wannan fage. Tunda na kafa tauraron ɗan Adam a shagona na kayan wuta, tashar dabbobi ta zama makarantata. In na zauna a teburin mai shayi na fara bayanin farar dabbar nan da ke kwana a kan ƙanƙara a ƙarshen duniya, ko mai aljihu a ciki ta ƙasar Ostareliya, ko yadda giwa ke ɗaukar ciki har maƙwabta su gaji da jiran suna, shayin mutane hucewa yake yi a hannunsu. Har Sarkin Dawa suke ce mini. (Gaskiyar magana, dawar da na taɓa shiga ita ce ta bakin titi, in mota ta tsaya a kama ruwa.)

Ƙanena Haruna ya rasu ya bar mini ɗansa Nafi'u, yaro mai kunya wanda ke haɗa lodin albasa a Aliero. A wajen sayen albasa ya ga Saratu, jikar wani dattijo Malam Arzika na Gumbin Kure, ya daɗe yana sintiri a kan babur har suka daidaita. Da lokacin neman aure ya yi, ni ne uba, ni ne mai magana. Yaron ya zo har shago ya durƙusa ya ce, "Bappa, kai kaɗai gare ni." Na bugi ƙirji na ce ya je ya fara ɗinkin angonci.

Muka tafi da hantsi, ni da abokina Malam Sani, da goro da alewa a bayan mota. Nafi'u ya tsaya a Maiyama yana jiran labari, tunda saurayi ba ya zama a wajen da ake roƙa masa mata. Aka shimfiɗa mana tabarma a gindin tsamiya a ƙofar gida, kusa da rumbunan albasa. Malam Arzika ya fito da 'ya'yansa maza, aka gaisa, aka kawo fura mai sanyi a ƙwarya. Mutanen kirki, masu magana a hankali. Ni kuwa da na ga an yi shiru ana saurare, sai tsohuwar cutar ta motsa. Dattijon ya ce dajin da ke bayan garinsu da can gada da barewa har gona suke shigowa, yanzu an sare an yi gawayi, ko zomo sai an yi sa'a. Maimakon in ce Allah ya kyauta in shiga abin da ya kawo mu, sai na ɗauke su na kai su Indunisiya. Na ba su labarin wani tsibiri mai ƙaton ƙadangare wanda in ya ciji ɓauna sau ɗaya sai ya bi ta a hankali har ta faɗi. Na ce yawunsa kaɗai in ya ɗiga a ƙafar mutum, a fara neman likkafani. Malam Sani yana ta taka mini babban yatsa, ni kuwa na ɗauka ƙarfafa mini gwiwa yake yi.

Ina cikin wannan ne abin ya fito daga ƙarƙashin rumbu.

Ku fahimce ni, na san guza. Amma guzan da na sani shi ne wanda maharba ke kawowa kasuwar Jega a ƙyafe, bai wuce tsawon hannu ba. Wannan kuwa ya kusa kai tsawon tabarmar da muke zaune a kai (a teburin mai shayi nakan ce ya fi motar da muka zo da ita, amma yau ba ranar ƙari ba ce). Yana tafe yana rangaji, harshe mai baki biyu yana fita yana komawa, kuma kai tsaye wajen ƙafar Malam Arzika ya nufa. Ba wanda ya motsa. Ni a tunanina tsoro ne ya daskarar da su. A cikin ƙiftawar ido ƙwaƙwalwata ta haɗa komai: jirgin ruwa ya kawo ƙwai daga Indunisiya zuwa Legas, tirelar albasa ta dawo da shi arewa, ga shi ya girma zai cinye surukinmu tun kafin ya ba mu yarinya.

Akwai galma jingine da rumbu. Ni da hawa matakala biyu ke sa ni haki, ban san lokacin da na tashi sama ba. Na yi kabbara, na sauke masa bayan galmar a ka, na ƙara, na kuma ƙarawa. Babbar rigata ta shiga cikin fura. Da ya daina motsi sai na dafa galmar kamar wanda za a ɗauka hoto, na juyo ina haki na ce musu su gode wa Allah da ya kawo masani gidansu a yau.

Sai wata tsohuwa ta leƙo daga zaure, ta ga abin da ke kwance, ta ɗora hannu a ka ta koma ciki da salati. Nan da nan gidan ya ɗauki kuka irin na rashin babban mutum.

Malam Arzika bai ɗaga murya ba. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, mi yay yi maka?"

Na fara wani bayani a kan yawu da ɓauna, muryata tana ƙanƙancewa. Babban ɗansa ne ya gaya mini, yana kallon ƙasa. Guza kan gidansu ne. Tun kakanninsu ba su kashe shi, ba su cin namansa, saboda an ce wani kakansu ya ɓace a daji da ƙishirwa, ya bi sawun guza har bakin ruwa. Ba bauta masa suke yi ba, alkawari ne kawai aka gada. Wannan ɗin kuma, da aka mai da fadamar bayan gari gonakin albasa ya rasa wurin zama, sai ya tare a ƙarƙashin rumbunsu. Tsohuwar da ta leƙo, kakar Saratu, ita ke ajiye masa ƙwai. Girman da ya firgita ni na tsufa ne, don shi kaɗai ne guzan da aka bari ya tsufa a yankin. Kullum da hantsi yakan fito ya kwanta kusa da dattijon ya sha rana. Abin da ya fito yi ke nan.

"Tun ƙarfina bai ƙare ba shike gidanga," in ji Malam Arzika, "bai taɓa ba baƙo kunya ba. Ku tashi ku tai, muna da abin binnewa."

Muna shiga mota aka biyo mu da goron da alewar, ko ɗaurin ba a kwance ba. Muka kama hanya muka koma Maiyama. Nafi'u na hango mu ya taso da murmushi har kunne, ya ga fura a rigata, ya ga goro a bayan mota, murmushin ya tsaya a inda yake. Na sha kunya iri-iri a duniya, amma ban taɓa fatan ƙasa ta tsage ba sai a gaban yaron nan.

Na yi ƙoƙarin gyara. Na tura dattawa, na tura malami ya yi musu bayanin cewa kashe guza ba zunubi ba ne. Malam Arzika ya ce shi ma bai ce zunubi ba ne, amma ba zai kai jikarsa gidan da babba ke duka kafin ya yi tambaya ba. Sai na yi babbar wautar: na sa wani maharbi ya kamo mini wani guzan da rai, na aika musu a cikin buhu a matsayin diyya. Suka sake shi a bakin gulbi, suka aiko cewa in an yi wa mutum rasuwa ba a sayo masa wani ɗan'uwan a kasuwa. Bayan an cire albasa aka ɗaura wa Saratu aure da wani dillali a Aliero, a unguwar da Nafi'u ke bi kullum in zai tafi aiki. Ya sauya hanya.

Abin da na koya bai da yawa. Na san inda dabbobin ƙarshen duniya ke kwana, ban san wanda ke kwana a ƙarƙashin rumbun maƙwabtanmu ba, kuma yanzu in na ga abu yana tafiya a gidan mutane masu gidan suna zaune, ni ma zama nake yi.

Nafi'u bai taɓa yi mini maganar ba. Ya ci gaba da zuwa gaishe ni, yana durƙusawa kamar da, wanda ya fi zagi ciwo. Bara ya samu wata yarinya a Fagada. Da na ji an sa ranar zuwa neman aure sai na fito da sabuwar babbar riga, na aika a kira shi in ji ƙarfe nawa za mu tashi. Ya zo ya durƙusa, ya daɗe yana wasa da makullin babur, sannan ya ce, "Bappa, ka huta abinka, Malam Sani zai wakilce ka. Gidan suna kiwon agwagi."