Ranar da Surukina Ya Ɗauki Gawata

Ba zan taɓa mantawa da sanyin shekarar nan ba, kuma ko da na so in manta, mutanen Gwammaja sun rantse ba za su bar ni ba.

Duk wanda ya san cikin birni ya san idan sanyi ya kankama, aka ba yara hutun makaranta, gari kan cika da abin kallo. Can ana dambe, nan masu wasa da kura sun tare bakin titi, 'yan gambara na bin kasuwa suna zuba habaici, ɗalibai na gasar waƙe a ɗakin taro, wasu kuma sun jera zane-zane a bango ana shiga ana gyaɗa kai wai an gane. Komai kuma da yamma ake yi, domin da an yi Magariba kowa bargonsa yake nema. To mu ma a unguwarmu muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, kuma a shekarar aka ba mu yammaci guda a filin wata firamare mu nuna namu.

Ni malamin makaranta ne, lissafi nake koyarwa. Hulata kullum a tsaye take, manya kuwa har ƙasa nake gaishe su. Ba wanda zai kalle ni ya ce ɗan dirama ne, kuma haka nake so, saboda a lokacin ina neman auren Sa'adatu, 'yar Alhaji Mudi mai fata na Jakara. Ni da ita mun gama magana, manyana sun je, Alhaji ya ce a ba shi lokaci zai yi bincike a kaina. Ita kuwa tun farko ta ja min kunne.

"Don girman Allah kada Baba ya ji kana wasan nan," in ji ta. "Shi a wurinsa ɗan dirama da mahaukaci, takalmi ne kawai ya raba su."

Daraktanmu Sabitu ne, mai gyaran waya a bakin titi. Shi ya rubuta wasan, a kan wani attajiri da ya rasu, 'ya'yansa suka kaure da rigimar gado tun ba a kai shi ba. Ni na so a ba ni babban ɗa, mai dogon jawabi. Aka gwada ni, na manta layin farko, a na biyu dariya ta ƙwace min. Sai Sabitu ya ja ni gefe ya dafa kafaɗata.

"Malam, akwai wani matsayi da na ajiye maka. Shi ne ginshiƙin wasan gaba ɗaya. In ba kai, ba wasa."

Ashe gawa yake nufi.

Da farko raina ya ɓaci, amma da na yi tunani sai na ga ai gaba ta kai ni: fuskata a rufe za ta kasance, ba mai gane ni balle labari ya kai Jakara. Na karɓa, kuma wallahi na ɗauki abin da gaske. Kullum sai na miƙe a tabarma ina koyon riƙe numfashi, in sa ƙannena su yi min cakulkuli don in saba. Har auduga na ce sai an cusa min a hanci. Sabitu ya ce ba wanda zai gan ta tunda an rufe fuska, na ce ai ni na san tana nan. (Ku riƙe maganar audugar nan, za mu dawo kanta.)

Ranar wasa aka tashi da wani irin sanyi mai shiga ƙashi. Muka taru a zauren su Sabitu, muka yi La'asar ɗinmu da wuri, aka fara shirya ni. A ƙarƙashin likkafani na sa rigar sanyi biyu, na ɗora jesin ƙwallo, na ja jar hular sanyi mai tuntu har kunne, ga safa ƙafa ɗaya baƙa ɗaya ruwan toka. Aka naɗe ni da farin yadi, aka ɗaure ta kai, ta tsakiya, da ta ƙafa, aka kwantar da ni a makarar da wani kafinta ya haɗa mana. Allah ya yi wa kafintan nan hannu, domin ba ta da maraba da ta gaske.

Sai matsala ta taso. Mai adaidaita sahun da muka kira yana leƙowa ya ga makara, ko sallama bai yi ba ya juya. Sabitu ya ce to a kwance ni in taka da ƙafata, in mun isa a sake ɗaurewa. A nan ne bakina ya jawo min.

"Haba Darakta, a wannan sanyin za a sake tuɓe ni? Nan da can ne fa. Ku ɗauke ni mana, in ma fara shiga yanayin tun daga hanya."

Suka lulluɓe ni da darduma, samari huɗu suka ɗaga. Gaskiya ba zan ɓoye muku ba, akwai daɗi. Ga ɗumi, ga lilo, ga shi wasu ke tafiyar ba kai ba. Har na fara gyangyaɗi.

Abin da babu wanda ya lissafa a cikinmu, har da ni malamin lissafi, shi ne lungun su Sabitu a gaban masallaci yake ɓullewa, kuma daidai lokacin aka sallame sallar La'asar. To a Kano ba a tambayar gawar waye kafin a sa kafaɗa. Da an ga makara kowa zai taso, wannan ya karɓi wancan, ya taka kaɗan, wani ma ya karɓe shi, kowa na neman ladansa. Ina kwance na ji gefen kaina na dama ya yi sama, alamar wani dogo ya shiga. Can na ji ƙafafuna sun yi ƙasa. Kafin in ankara an karɓe duka samarinmu huɗu, an tura su baya, tafiya kuma ta koma ta sauri, irin wadda ake yi da gawa. Takun mutane sai ƙaruwa yake yi.

Daga can baya na jiyo muryar Sabitu: "Baba, dama za mu yi! Dama!"

Wani dattijo ya amsa masa: "Dama ina, yaro? Makabarta tana hagu. Ku riƙe shi, ruɗewa ce, da alama ɗan'uwansa ne." Sai kuma ya ƙara: "An dai sallace shi ko?"

Sabitu ya ce, "An... an yi."

(Daga baya ya rantse min cewa ya duba ya ga in ya ce ba a yi ba, sahu za a ja a yi wa mai rai salla, zunubin ya fi ƙarfinsa. In kuma ya ce wasa ne, takalman mutanen nan duka a kansa za su ƙare.)

Na ce a raina to abin ya isa haka, bari in yi gyaran murya in tashi, a zage mu a wuce wurin. Na ja numfashi ke nan sai na ji wani ya riga ni gyaran murya, daidai saitin kunnena na dama. Gyaran muryar nan ko a mafarki na san ta. Alhaji Mudi ne. Ashe ranar ya zaɓa ya zo unguwarmu binciken halina, ya yi salla a masallacin, ya fito ya ga makara, ya sa kafaɗa kamar kowa.

"Bawan Allah, wane ne ya rasu?" ya tambaya.

Shi kuwa Sabitu, da bai taɓa iya jera ƙarya biyu a rayuwarsa ba, sai ya faɗi sunana, har da na mahaifina.

Na ji makarar ta girgiza. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" in ji Alhaji. "Yaron nan? Yanzun nan fa liman ya gama yaba min shi!"

Wani ya ce, "Kai, da safen nan na gan shi wurin mai ƙosai!" Wani ya ce masa ai haka take zuwa, ba ta sallama. Aka zo za a karɓi Alhaji, ya ƙi saki.

"Ku bar ni, ɗana ne," ya ce. "Jama'a ku shaida, yau ɗin nan na yi niyyar aika wa mahaifinsa cewa na ba shi Sa'adatu. Yaro natsattse, daga makaranta sai masallaci. Ba ya cikin shashashan nan masu dirama. Allah sarki, ashe ba rabo."

Jama'a, kuka yake yi. Dattijon da ko dariyarsa ban taɓa gani ba, ga shi yana sheshsheƙa saboda ni, yana ɗauke da ni a kafaɗa, ya ba ni matar da nake so a gaban shaidu. Ni kuma ina ciki da auduga a hanci da jesin ƙwallo. In na tashi na rasa Sa'adatu, in na ci gaba da kwanciya a binne ni. Allah na tuba, sai da na yi wannan tunanin da gaske: ko in bari su ɗan binne ni, in jama'a sun watse Sabitu ya dawo da shebur? Har na fara lissafin yawan iskar da za ta rage a ciki. Duk sanyin nan gumi ya jiƙa min riga biyun.

Ina cikin lissafi na ji takun mutane ya bar kwalta ya koma kan rairayi. Hayaniyar titi ta ɗauke. Can wata murya ta ce, "Akwai wanda aka haƙa tun safe, a kawo shi nan."

To a nan ne audugar ta tuna da ni. Wani ɗan zare ya zame ya yi cikin hancina yana susa. Na matse fuska, na cije leɓe, na karanto duk addu'ar da na sani. Ina! Atishawa ce ta taho tun daga ɗan yatsan ƙafata, ta fito da ƙarar da sai da darduma ta ɗaga. Kuma saboda irin tarbiyyar da mahaifiyata ta yi min, kafin hankalina ya dawo bakina ya riga ya ce da ƙarfi, "Alhamdulillahi!"

Wani bawan Allah daga gefen ƙafata, shi ma mai tarbiyya, ya amsa, "Yarhamukallahu."

Sannan ya gane wa ya amsa wa.

Ban ga gudun da ido ba, amma na ji shi. Mutum uku suka saki nasu gefen a lokaci guda, makara ta karkace, na gangaro ƙasa tim. Ga ni a ɗaure, ba damar miƙewa, sai mutsu-mutsu nake yi kamar tsutsa, wannan kuma ya ƙara wa masu gudu ƙarfin ƙafa. Da ƙyar na samu na zauna, ɗaurin kai da na ƙafa suka kwance, likkafani ya zame, jar hulata mai tuntu ta fito. Na duba, makabarta fayau, sai takalma birjik da huluna. Dattijon nan da ya nuna wa Sabitu hanya, wanda aka ce da sanda yake tafiya, ga shi can a kan katanga, sandar tana ƙasa.

Mutum ɗaya ne bai gudu ba. Alhaji Mudi na tsaye, har yanzu gefen makarar na kafaɗarsa, hawaye bai bushe a gemunsa ba. Ya kalle ni, na kalle shi, auduga na reto a hancina ɗaya. Na so ƙasa ta tsage in shige, kuma ga shi an ma riga an tsaga ta a gefena. Na lalubi abin da zan ce a duk duniya, sai na ji bakina ya ce:

"Baba, ina wuni? Ya sanyi?"

"Lokacinsa ne," in ji shi. Ya dubi jesin, ya dubi safar nan kala biyu, ya hango Sabitu a bayan wata bishiya. "Dirama?"

"Dirama ce, Baba."

Ya sauke makarar a hankali, ya goge fuskarsa da hannun riga, ya juya ya tafi. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Wasa dai an yi shi ba ni. Tabarma suka naɗe a likkafanin, kuma Sabitu, don rashin kunya, ya ce min 'yan kallo sun yaba da gawar ƙwarai, ko motsi ba ta yi ba. Dattawan unguwa suka tara mu suka wanke mu tas, kuma da gaskiyarsu. Makarar kuwa mai shayin bakin layi ya faskara ta, jama'a suka ji ɗumi. Na kira Sa'adatu har na gaji ba ta ɗauka ba, daga ƙarshe ta turo min saƙo: "Allah ya jiƙanka." Na kwana biyu ko abinci ba na iya ci, na riga na sallama.

Sai ga aike daga Jakara, wai in je ni da kawuna. Muka zauna a zaure, kaina a ƙasa. Alhaji ya daɗe yana jan carbi kafin ya yi magana.

"Na faɗi magana a gaban jama'a, da gawa a kafaɗata," ya ce. "Ban taɓa yi wa rayayye alkawari na janye ba, balle matacce. Na ba ka." Ya dafa kafaɗarsa ta hagu. "Amma ka sani, kafaɗar nan ta ɗauke ka tun daga masallaci ba ta yarda an karɓe ta ba. Saura kai. Ranar da tawa ta zo, kada ka bari a karɓe ka. Ni kuma in na hau, ba atishawa."

A nan ni na yi kukan, kawuna yana zungurina wai in natsu.

Yau ga mu da Sa'adatu har da 'ya'ya, amma Alhaji bai sake kiran sunana ba. In ya bugo waya sai ya ce, "Sa'adatu, ya gida, ya Marigayi?" Ɗalibaina ma sun ji, in na yi atishawa a aji sai a nemi na bencin gaba a rasa.

Har yanzu in sanyi ya zo ina zuwa kallon wasanni, amma da ƙafata nake zuwa, kuma a bencin baya nake zama. Darasin da na koya shi ne, komai sanyi kada ka yarda a ɗauke ka zuwa inda ƙafarka za ta iya kai ka. In kuma na ga makara ta zo wucewa, ina sa kafaɗa kamar kowane Bakano, sai dai nakan ɗan karkata bakina wajen kai in yi raɗa: "Malam, in da sauran numfashi, yi magana tun yanzu."