Furanni da Bular Inna

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na yi wa fure kwalliya da bula ba. E, bular wanki dai da kuka sani, wadda ake sa wa fararen kaya. Ni kuwa malamar makaranta ce, aikin gona ma nake koyarwa a nan Talata Mafara (ku rufa mini asiri, kada ɗalibaina su ji).

Daga waya abin ya faro. Na ga hoton wani gida an kewaye shi da furanni shuɗaye, shuɗi na gaske wanda babu sirkin ja a cikinsa, daga ranar kuwa na kamu. Matsalar ita ce a gidanmu wuri ɗaya ne tak ke samun ruwa da rana yadda shuka take so, ɗan fangalin da ke bayan madafa. Kuma yana da mai shi. Inna ce, mahaifiyar maigidana da muke zaune tare. Shekara da shekaru a nan take shuka kuɓewa, duk damina daga nan take tsinko na miya.

Mako biyu na yi ina lallaɓa ta. Da na nuna mata hoton, ta kai wayar nesa da idonta ta ƙura, sannan ta tambaye ni ko ana miya da shi. Na ce a'a. Ko magani ne? A'a. To mene ne amfaninsa? Na ce kallo. Ta yi dariya har sai da ta goge ido da bakin zane. Ta ce ita dai tun tasowarta a Bakura ba ta ga wanda ya shuka shuɗin fure ya fito masa ba. Maimakon in yi shiru, sai bakin nan nawa marar linzami ya ce ai ilimi ne, Inna, mu da muka karanci abin.

Ta dube ni ta ce, "To, Malama. Na ba ki damana guda. In shuɗi ya fito, fangali naki ne. In bai fito ba, kuɓewata ta koma wurinta."

Na yi odar iri wurin wani mai talla a waya, direban mota ya kawo mini daga Gusau a 'yar takarda mai hoton fure shuɗi shar. Ruwa na sauka na kwaso taki daga turken awaki na shuka. Daga nan kwanciyar hankalina ta ƙare. Hadari ya taso in ce ƙanƙara za ta kashe mini su, rana ta buɗe in ce za su ƙone, akuya ta yi kuka in fito a guje ba takalmi. Har tsohon gidan sauro na kafa musu. Kullum bayan sallar asuba sai na tsuguna cire ciyawa kafin in tafi makaranta, musamman wata mai yaɗo mai nacin tsiya, ka cire ta yau jibi ta dawo. In tara ta in watsa wa awaki. Ga shi na riga na cika baki a ɗakin malamai, Inna kuma ta buga wa yayarta, Gwaggo ta Maradun, ta ba ta labarin surukarta mai shuka shuɗi.

Ranar wata Laraba furen farko ya buɗe. Fari fat.

Na ce wa kaina na farko ne, wataƙila ɓatan kai ya yi. Ranar Alhamis saura suka buɗe, duk farare tas kamar an wanke su. Na kira mai irin, lamba ba ta shiga. Na ja gidan sauron na lulluɓe su, na ce wa Inna rana ce ba sa so. Ta ce to. A yammacin nan ne kuma ta sanar da ni cewa Gwaggo za ta zo ranar Asabar da hantsi, takanas don ta ga abin mamaki. Da dare na kwashe komai na faɗa wa maigida. Ya ce in je in faɗi gaskiya kawai, ai ba kisan kai na yi ba (shi da ma komai mai sauƙi ne a wurinsa, tunda ba shi ya ce ya karanci abin ba). Harara kawai ya samu.

Ranar Asabar, Inna na ɗaki tana lazimi, idona ya faɗa kan gwangwanin bularta a bakin taga. Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na dama ta da kauri, na samo gashin kaza, na tsuguna ina shafa wa furannin ɗaya bayan ɗaya, kunnena na wajen ƙofarta. Wallahi da na gama sun yi kyau, har sai da na ɗan ji alfahari. Sai da na dubi hannuna na dawo hayyacina. Na goge da sabulu, na goge da toka, shuɗin ya maƙale a ƙarƙashin farce ya ƙi fita. Na zura doguwar hijabi na naɗe hannuwana a ciki.

Gwaggo ta iso a bayan mashin, ta yafa farin mayafinta na zuwa unguwa. Aka shimfiɗa tabarma aka shiga gaisuwa. An kwana lafiya, ya gajiya, ya mutanen Maradun, ruwa ya samu, ya gona, ya jikin wane, ya ƙafar wance. Ni kuwa ina amsawa ina satar kallon gabas, inda hadari ke ta haɗuwa baƙi ƙirin. Ban taɓa jin gaisuwa ta yi mini tsawo irin na ranar ba.

Da ƙyar aka tashi muka zagaya bayan madafa. Na yaye gidan sauron da gefen hijabi. Gwaggo ta riƙe baki tana Masha Allah, Inna kuwa ta matso tana ƙare musu kallo. Sai na ji ɗigon farko a goshina. Na ce Gwaggo mu koma ciki kada sanyi ya kama ki. Ta ce ruwan damina ai albarka ne, bari ta ji ko yana ƙamshi. Ta sunkuya, mayafin ya kwanta a kan furannin, yayyafi kuma ya ƙaru.

Da ta ɗago, gaban mayafin ya rine, har kan hancinta akwai ɗigon shuɗi. Furannin kuwa suna ta tsiyaya, farinsu na fitowa a gaban idonmu. Ta dubi mayafin, ta dube ni.

"Ɗiyar nan, furen naki zuba yake yi kamar atamfar banza?"

Inna ta lakato da yatsa ta shinshina. Ta ce, "Ashe nan bulata ta taho. Tun safe nike nemanta." Sannan a hankali ta ce, "Fiddo hannuwanki, Malama."

Na fiddo. Yatsu goma, kowanne da shaidarsa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Gwaggo ta yi dariya har ta zauna a kan turmi, ruwa na dukanta. Inna ba ta yi dariya ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ta dafa gwiwa ta taka zuwa gindin katanga, inda ciyawar nan mai naci ta sake yaɗuwa, don kwana uku tashin hankali bai bar ni na cire ta ba. Ta tsinko wani abu ta ɗora mini a tafin hannu. Ɗan fure ne bai wuce farce ba, shuɗi garau, ya fi na hoton wayar kyau. Ruwa na sauka a kansa, ko gezau.

Ta ce balasa ce. Da hantsi take buɗewa, lokacin ina makaranta, kafin in dawo ta rufe. Tun farkon damina take kallona ina tuge ta ina ba awaki.

Ni da rashin ta ido, na ce to Inna, ai ke nan shuɗi ya fito a fangalin.

"Ya fito," in ji ta. "Amma wanga Allah ya shuka shi, ba ke ba."

Washegari kuɓewa ta koma wurinta, ni ma na haƙa ramukan. Mayafin Gwaggo ni na wanke shi, ta kuma aiko daga Maradun wai bai taɓa yin haske irin na wannan karon ba. Inna ta bar mini faɗin tafin hannu a gindin katanga, nan balasata take, ina ganinta Asabar da Lahadi.

Abin da na koya shi ne, kafin in sake ce wa tsohuwa na karanci abu, zan fara tambayarta sunan ciyawar da nake takawa. Bula kuwa, yanzu a cikin akwati Inna take ajiye ta.