Kwabon Cibiya

"Ina kwana, amaryata? Ashe har yanzu ba ki mutu ba?"

"Lahiya lau, angon banza. In mutu in bar wa wa wahalarka? Shigo."

Mai gaisuwar Yahaya ne, tela a kasuwar Bodinga. Mai amsawa kakarsa ce, Kaltume, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwarsu a Shagari. Shekarar samun 'yancin kai ce, Turawa na gwanjon kayansu a Sakkwato za su koma gida. Yahaya ya sayar da kekensa na hawa, ya sayi wani teburin wasa mai rufin gilashi, wanda ba ya bukatar lantarki. Ana ɗora kwabo a wani harshen ƙarfe da ke gabansa a tura, sai ƙananan ƙwallaye su sauko, mutum ya harba su tsakanin ƙusoshi. Amma don kwabon Ingila aka ƙera shi, marar huji. Namu kuwa, tsoho da sabo, da huji a tsakiya, kuma a cikin harshen akwai ɗan tsinken da ke faɗawa hujin ya riƙe kwabon. Mahaifin Yahaya ya ce in kasuwa ta sake ci teburin bai yi aiki ba, kafinta zai mai da shi akurkin kaji.

"Ban ji ƙararrawar keke ba," in ji Kaltume, tana kaɗin zare. "Ko shi ma ya gaji da kai?"

"Keke ya zama jari. Motar albasa na biyo."

"Shi ya sa idona ke hawaye tun kana ƙofa. Ni na ɗauka daɗin ganinka ne. An ce ka sawo akwatin caca wanda ba ya cin abincin talaka."

"Ba caca ba ce, tsohuwa. Ba mai cinye kowa. Mutum shi ba da kwabo, shi harba ƙwallo, shi yi dariya, shi tahi gida."

"Kai ka hi shi araha. Kullum kyauta ake maka dariya."

"Ki yi ta yi. Na kai wa maƙeri ya toshe hujin da dalma, kwabo ya yi ƙiba ya ƙi shiga. Na liƙe wani da danƙo, ya shiga ya ƙi hita. Na zaga Sakkwato kanti-kanti, ba mai irin wanda nika nema."

"To mi ya kawo ka wurin wadda ba ta mutu ba?"

"Kwabon cibiya."

Kaltume ta ajiye mazari. Kwabon sananne ne a unguwar, na Ingila ne marar huji. Wani Bature mai rangadi ya ba marigayi mijinta tukuicin ƙwai, aka ƙi karɓarsa a kasuwa don ba a iya zura shi a igiya. Ita ta samar masa aiki. Duk jaririn da cibiyarsa ta turo, sai ta naɗe kwabon a tsumma ta ɗaure masa a ciki. Mai huji ba ya yi, a cewarta, ta hujin cibiyar ke leƙowa.

"Kwabon da ya mai da kai mutum? Da anka haihe ka, cibiyarka awa albasar Danchadi. Uwarka na kuka, wai buta ta haifa."

"Ƙarya ce. An ce ranar da anka haihe ni, 'yan matan Shagari dut sun ƙi cin tuwo."

"Don tsoro. Ba ni ba da shi. Kuma ko na ba ka, kwabo guda zai ƙosar da cikin akwatin Bature?"

"Makullin aljihun teburin na hannuna. Mai wasa shi ba ni nashi mai huji, in miƙa mai wanga shi tura, shi faɗa aljihu, in buɗe in ɗauko. Kwabo guda, kasuwa duka."

"Hannun mahauta, hannun masu daddawa, kowa shi dangwala min kayan aiki?"

"In wanke shi da sabulu kowace yamma."

"Kai da wuyanka bai ga sabulu ba tun ranar aurenka?"

Yahaya ya cire takalma ya miƙe ƙafa a tabarma, ya tura hularsa ƙeya.

"To ki ji. Ba ni komawa Bodinga in ga kaji na kwana cikin kuɗin kekena. Nan zan zauna. In ci tuwon yau, in ci ɗumamen gobe, in bi gari ina faɗin amarya ta hana ango kwabon da ko goro ba ya saye."

"Zagin ka yi ta yi. Amma tuwon, wannan kam ka tsorata ni." Ta dube shi a kaikaice. "Wa ma ya ce zai shiga? Ka ɗauke shi har Bodinga, akwatin shi tohar da shi, kun wulakanta min dattijo a banza."

Yahaya ya sa hannu a aljihun riga ya fito da harshen ƙarfen. Tun asuba ya kwance shi daga jikin teburin.

"Ga bakin nan na zo da shi. A gwada gabanki."

Kaltume ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da ɗan ƙullin tsumma. Kwabon ya yi baƙi, kan Sarkin Ingila ya kusa shafewa. Yahaya ya miƙa hannu, ta buge shi.

"Kak ka taɓa. Ni zan ba shi da hannuna."

Ta ɗora shi a gurbin, ya zauna daidai. Ta tura. Ƙarfen ya wuce sumul, ya yi ƙwas, kwabon ya faɗo a cinyarta. Ta ɗauka ta sake turawa. Ta kuma sakewa.

"Tsohuwa, ke da kinka ce caca ce?"

"Dubawa nike, kada shi ji ciwo." Ta riƙe kwabon a tafin hannu. "Salamatu ta kusa sauka, ko?"

"Matata ta gaske? Ta kusa."

"Ta aro dai. Jininka ne a cikinta, kuma na san cibiyar gidanku. Ranar da ta haihu, akwatinka shi ɗauki azumi, kwabo shi dawo bakin aikinsa sai cibiya ta kwanta."

"In ranar kasuwa ce fa?"

"Ko Gwamna ne ke tsaye yana jiran wasa."

"Na yarda. Kawo."

"Aljihun tela? Na kowa kuke ɗinkewa ku bar naku a yage. Ɗage riga."

"Haba, Kaka! Da gemuna?"

"Yau ka tuna ni kakarka ce? Ɗage."

Ya ɗage. Ta naɗe kwabon a tsummansa, ta ɗora masa a cibiya, ta zagaya da tsohon ɗankwali ta ɗaure tamau, tana dariya har da tari.

"Tahi ka tari motarka. Nan ba ya ɓacewa, ya san wurin tun kana jinjiri."