Yadda Za Ka Liƙa Hoto a Rubutun Halittar Hatsi Har Tsofaffin Deule Su Yarda Ka Yi Karatu

Ɗan'uwa ɗalibi, in ka shekara uku kana binciken rubutun halittar hatsi, amma har yau mutanen gidanku sun ɗauka gyaran waya kake koyo, wannan takarda taka ce. Bi matakan nan shida, na yi maka alkawari kafin la'asar za a kira ka mushe, wato malam da faransanci, a gaban mahaifinka. Ni Mu'awiya ɗan Kalla na gwada su da kaina a garinmu Deule, kuma ga ni da raina.

1. Fara shan kunya tukuna

Kada ka tsallake wannan. Ilimin da bai sha kunya ba fura ce ba nono.

Ga yadda na sha tawa. Shekara uku da suka wuce na bi rumbuna tamanin, daga Deule har Azarori da ƙauyukan Keita, ina roƙon tafin hannu guda na irin shuka. A jami'a muka karanta rubutun da ke cikin kowace ƙwaya, wanda haruffa huɗu ne kawai ake ta jerawa. Yanzu ina bukatar iri karo na biyu. In ƙungiyar manoma ta hana, karatuna ya mutu.

Sai na tara su a inuwar makaranta, na buɗe ordinater, wato kwamfuta. Manhajar ta shimfiɗa layuka tamanin, kowane layi irin mutum guda, da 'yan akwatuna masu launi a wuraren da wani iri ya bambanta da wani. Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe.

Tsoho Mato, abokin babana, ya matso ya duba da kyau. Ya ce, "Wagga ai tabarma ce. Shekara ukku kana saƙat tabarma, ɗana?"

Manzo, shugaban ƙungiyar, bai yi dariya ba. Ya ce, "Mun ba ka hatsi, ka maido muna zane. Komo ran Laraba da abin da ido ka gani. In babu, rumbunanmu na ruhe."

Ni da babana muka kama hanyar gida har muka kai ƙofa. Nan ya ce Bashiru, ɗan wansa, yana neman mai tsare masa shago a Madawa, kuma ba aikin kunya ba ne.

2. Tono hotunan da ka manta da su

Kowane ɗalibi yana da su. Ni na shuka kowane ƙullin iri a gonar gwaji, da ya nuna na ɗauki hoton zangarniyarsa tare da lambar ƙullin, sannan ban sake kallon hotunan ba. Kai ma kada ka kalle su yanzu. Masani lamba yake kallo. Kallon hatsi aikin tsuntsu ne.

3. Liƙa kowane hoto a mazauninsa

Wannan ne aikin gaske, kuma yini ɗaya ya ishe shi, amma ka ce mako ka yi.

Buɗe takardar da manhajar take karanta akwatunan daga cikinta. Kowane akwati yana da layinsa: inda ya fara, inda ya ƙare, da sunansa. A ƙarshen layin ƙara sunan hoton. Sannan ka gaya wa manhajar duk lokacin da kibiyar da kake nuni da ita a allo ta tsaya a kan akwati ta fito da hoton a gefe.

Rage girman hotunan, kada zangarniya guda ta rufe layuka ashirin. Kuma ka aje su cikin ordinater ɗin kansa. Kada ka dogara da rezo, wato sabis ɗin intanet. Rezon Deule yana zaune ne a kan tudun bayan gari, ba ya saukowa taro.

4. Kada ka sa fuskar kowa

Zuciyarka za ta ce maka manomi zai ji daɗi in ya ga kansa. Ƙarya take yi.

Ran Laraba mutane sun fi na farko yawa, har da mata a gefe ɗaya. Na ɗora kibiya a kan wani jan akwati na ce, "Wannan wurin muna zaton shi ke sa hatsi jinkirin nuna." Sai ga fuskar Mato ta fito, hularsa a karkace, domin irinsa ne ke wannan layin, kuma nasa ne kaɗai na sa wa fuska don in faranta masa. Mato kuwa mutum ne da ko ɗaurin auren 'yarsa sai da aka shafa fatiha ya iso.

Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Manzo ya ce, "Ashe na'urar ta san mutane." Mato ya ce shi dai bai ba da fuskarsa ba, hatsi ya bayar, amma ya gyara zama ya ce a sake nuno shi.

Daga nan taro ya zama nawa. Kowa na kiran sunansa, ina ɗora kibiya, zangarniyarsa na fitowa. Babana ya matso gaba kaɗan. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

5. In tsohuwa ta ce ka yi kuskure, rufe ta da faransanci

Manyan kalmomi garkuwar masani ne. Amma ka tabbatar tsohuwar ba gwaggonka ba ce.

Gwaggo Cima, yayar babana, ita ce ke riƙe da irin kakanmu. Ranar da na roƙe ta tafin hannu sai da ta ƙirga min dalilai uku na hanawa kafin ta bayar. Ta ce a nuna mata nata. Na je layi na goma sha bakwai, hoto ya fito.

Ta dube shi ta ce, "Wanga ba hatsina ba ne."

Na ce, "Gwaggo, ga sunanki a rubuce, ga lamba. Abin nan da ake kira sekansaji ba ya kuskure."

Ta ce, "Ban san wanga ba, kuma ban san ɗiyan wa ne ba. Hatsina gashi gare shi, shi ya sa tsuntsu ba ya sabka kansa. Wanga ƙwalƙwal yake kamar kan Manzo."

Manzo ya shafa kansa ya leƙo. Ya ce, "Ai ko nawa ne. Dubi kaurin gindinsa."

Na gangara layi na saba'in da ɗaya, mai sunan Manzo. Hoto ya fito, zangarniya cike da gashi. Gwaggo ta ce, "Ga ɗana nan. Mi ya kai shi gidan Manzo?"

Nan take na gane. Ranar da nake ƙulla irin, na musanya goma sha bakwai da saba'in da ɗaya. Wata takwas ke nan ni da malamata Dakta Rahila muna ta fama da waɗannan layuka biyu, domin abin da manoman suka faɗa game da irinsu ya ƙi haɗuwa da abin da rubutun ya nuna. Mun zargi injin, mun zargi lissafi. Har wani babi na rubuta ina bayanin cewa manoma ba sa tuna halin irinsu daidai.

6. Ka ce da gangan ka yi

Wannan ita ce shawarar masana: ka yi murmushi ka ce gwada su kake yi. Ni ma na buɗe baki zan faɗa. Sai na haɗa ido da babana, na fasa.

Na ce, "Gwaggo ta yi gaskiya. Ni na rikita su, kuma ba don hoton nan da idonta ba, da na kai wannan kuskure gaban malamai."

Na fara lissafin yadda ake auna sukari a shagon Bashiru.

Manzo ya yi gyaran murya ya ce, "Yaron da ka cewa na yi kuskure gaban jama'a, ana iya ba shi hatsi. Amma wanga karon Cima za ta duba kowane hoto kahin shi tahi da shi."

Gwaggo ta ce ba ita kaɗai ba, akwai Furera da Lantana, su ma idonsu bai mutu ba. A ranar suka zauna suka bi layuka tamanin ɗaya bayan ɗaya, ni ina matsa kibiya, su suna yanke hukunci. Sun tsinci wani hoton da na sa kai ƙasa. Da na kira Dakta Rahila na gaya mata, ta yi dariya sosai, sannan ta ce in yage babin nan, kuma in tambayi Gwaggo yadda take son a rubuta sunanta a shafin godiya.

Washegari babana da kansa ya riƙe min bakin buhu muna bi gida gida.

Wanke hannu

Ni dai na faɗi abin da na sani, ban ɗaukar wa kowa alhaki ba. In ka bi matakan nan har tsofaffin garinku suka gane aikinka, to ka sani daga ranar ba ka da sauran hutu. Yanzu haka Gwaggo ta sa an ɗauko mata hotunan wakenta, da gujiyarta, da wata akuya mai haihuwar tagwaye, ta ce in nemo wa kowanne layinsa kafin damina. In taka gwaggon ta yi maka haka, kada ka nemi lambata. Ka je ka same ta da kanka, ka durƙusa, ka gaya mata akuya ba fanninka ba ce. Ni na gwada. Ta ce in ƙara shekara uku.