Inuwar da Na Yi wa Gauta

Zamanin Turawa, ina sabon magidanci, na yi lambun gauta a fadamar Kudan. Da bazara ta tsananta, na kafa masa rumfar zana, ina taƙama da dabarata.

Kawuna ya leƙo ya ce, “Kai yaro, amarya ka ajiye a ciki?”

Ashe zafin ranar nan ne ke ƙone darɓa, ƙwarin da ke tsotse ganye. A inuwata kuwa ta samu sanyi, ta hayayyafa. Maƙwabta suka kai gauta kasuwar Makarfi, ni na kai iyalina cin tuwo gidan Kawu.

Yau ga furfura, amma in darɓa ta faɗa lambun wani, sai a nuna ni a ce masa, “Kai ta gidan Baba, yana da masauki.”