Rasuwar Akwatin Kwalliyar Sammani Wanzami

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, iyalan gidan Gwaggo Hure na Unguwar Ƙirya, ta ƙasar Minjibir, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, har da masu leƙe ta kan danga, rasuwar Akwatin Kwalliya. Ya cika ranar Laraba da hantsi a ɗakin ɗanta Sammani Wanzami, bayan doguwar jinyar zaman banza. Shekarunsa arba'in da bakwai.

Marigayin akwatin kwano ne kore, mai zanen fure a murfi. Cikin lefen Gwaggo Hure ya shigo gidan, ya daɗe yana riƙon atamfa da sirri. Da Sammani ya zama mai yi wa 'yan wasan kwaikwayon ƙauyen kwalliya, sai marigayin ya bar kulle ya hau bayan keke. Babu dandalin da bai taka ba daga nan har Kunci.

Mai kawaici ne, ba ya buɗe baki sai da dalili. In ya buɗe, "ƙiiiii" yake cewa, in ya gama, "ƙwas." Da ɗan abin da ke cikinsa Sammani ke tsufar da yaro kafin ruwan shayi ya tafasa: toka ta yi furfura, gawayi ya yi tamoji, ƙaro ya manna gemu, zoɓo da zuma su zama jini. Albarkacinsa ne Abba, mai fitowa a tsoho, ya taɓa ratsa kasuwa da farin gemu, surukinsa da kansa ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, barka da rana." Surukin ba ya son a ta da maganar, shi ya sa ba za a faɗi cewa Malam Abdulsalam mai taki ba ne.

Ciwon ajali ya soma ne bara, da Najib shugaban ƙungiya ya dawo daga Kano da wata waya mai ƙirƙirarriyar basira, wadda yara ke ce wa AI. A ɗauki wasa da fuskarka yadda Allah ya yi ta, a shafa waya, ta fito da kai ɗan shekara casa'in. Najib ya ce, "Malam Sammani, ka huta haka nan, zamani ya zo." Sammani ya ce, "To, madalla." Ranar bai taɓa tuwo ba, shi da ko zazzaɓi bai taɓa raba shi da malmala biyu ba.

Duk da haka bai fasa ɗaura marigayin a keke ba. Yakan je inda ake ɗaukar wasa ya zauna a gindin tsamiya. In an tambaye shi, ya ce aski ya zo yi wa wani. Har yamma ba mai cewa, "Buɗe akwati."

Ba za a ci haƙƙin waya ba, tana da sauri, kuma jama'a sun kalla. Sai dai tsohonta haƙoransa talatin da biyu ne cif, farare tas, kamar bai taɓa jin labarin goro ba. Ga shi babu ƙaron da zai ɗaure wa Abba haɓa ya tuna masa shekarunsa, sai ga ɗan casa'in yana tsallake kunyar gona uku a tashi ɗaya. Najib ya ce masu kallo ba sa lura. Gwaggo Hure ta lura, ta kuma sanar da gida bakwai kafin azahar.

Damina ta tarar da marigayin a ƙarƙashin gado, tsatsa ta ci ƙarfinsa. Ranar Laraba Sammani ya jawo shi don ya sha iska. Ya ce "ƙii," bai ƙarasa ba, murfin ya rabu da gangar jiki.

Ya rasu ya bar babban ɗansa Farin Gemu, wanda aka haɗa da gashin ragunan layya uku. Da ƙananan gemu biyu. Da doron tsumma. Da kwalbar jini, wadda tururuwa suka riga suka raba gadonta. Ya kuma bar Sammani, wanda har yanzu in ya ga saurayi mai faɗin goshi sai hannunsa ya motsa.

Cikin waɗanda suka riga suka zo ta'aziyya akwai Najib. Ashe an gayyaci ƙungiya ta yi wasan faɗakarwa kan adana wake ranar kasuwar Zakirai, ido da ido, a tsakiyar fili. Ya amsa da baki har kunne, sai a hanya ya tuna 'yan kasuwa da idonsu suke kallo, ba da waya ba. Ya durƙusa ya yi "ya haƙuri" sau huɗu, idonsa na kan ƙusar da aka rataye Farin Gemu.

"Malam Sammani, marayan nan... ko za a ba mu aronsa yini ɗaya?"

Sammani ya dubi ƙasa. Daga madafi Gwaggo Hure ta amsa: "Ɗan nan, a gidan nan maraya ba ya fita sai da mariƙinsa."

Batun jana'iza: Liman ya ce ba a yi wa kwano salla, kuma a daina aiko masa yara. Saboda haka gobe bayan la'asar za a kai gawar maƙerar Yahya, wanda ya duba ya ce wataƙila da sauran numfashi. Za a yi zaman makoki a zaure kwana uku, akwai gumba, kowa ya zo da tabarmarsa. An hana ɗaukar hoto. Tsufan da muke da shi ya ishe mu.

Iyalai sun yanke cewa Najib ne zai ɗauki gawar a ka, ta tsakiyar gari, ba ta bayan gonaki ba. In ya ɗauka, Farin Gemu zai je Zakirai tare da mariƙinsa. In ya ƙi, Abba ya tsufa da kansa. Saura shekara sittin da biyar ya kai casa'in.